Yadda ake binciken rayuwa da halin janar-janar na Faransa na da

Sanin inda janar ya yi yaƙi abu ne mai sauƙi. Sanin ko wane irin mutum ne shi, nan aikin yake. Faransa ƙasa ce da ta iya ajiye takarda, ma'aikatar yaƙinta kuwa ta fi kowa: tun kafin juyin juya halin 1789 ake buɗe wa hafsan soja fayil, ana zuba masa takardu har ranar da matarsa za ta nemi fanshon mijinta. Saboda haka bayani ba zai yi maka ƙaranci ba. Abin da zai wahalar da kai shi ne yawan masu magana, kowa da abin da yake karewa. Janar ɗin ya rubuta labarin kansa, 'ya'yansa sun tace wasiƙunsa kafin su kai maɗaba'a, abokin gabarsa ya rubuta nasa, gwamnati kuma ta sa an sassaƙa sunansa a dutse. Dabarar ita ce ka fara da takardun da aka rubuta ba don a burge kowa ba, ka bar masu ba da labari su zo daga baya.

Mataki na farko: mutum ɗaya, tambaya ɗaya

A jikin babbar ƙofar nan ta Arc de Triomphe da ke Paris akwai sunaye 660, galibinsu na janar-janar na zamanin juyin juya hali da na Napoleon. Wannan zamani ɗaya ke nan. Wanda ya ce zai bi su duka ba zai gama da ko ɗaya ba. Ka ɗauki mutum guda, ka rubuta tambayarka a shafin farko na littafinka. "Wane ne Davout?" ba tambaya ba ce da za ta kai ka ko'ina. Amma in ka ce: "Tsananin da ake faɗa a kan Davout, horo ne ko zalunci?" to ka sami abin da za ka auna kowace takarda da shi. Da Davout ɗin, ɗaya daga cikin mashal-mashal na Napoleon, zan riƙa buga misali, don shi masoya da maƙiya duk sun yi rubutu a kansa sosai.

Mataki na biyu: ka gyara suna, muƙami da kwanan wata

Mutane da yawa tun nan suke ɓacewa. Sunan gidan su Davout asalinsa d'Avout ne. Lokacin juyin juya hali, da alamar sarauta a suna ta zama abin tsoro, sai aka haɗe shi ya koma Davout, a jikin Arc de Triomphe kuma Davoust aka sassaƙa. In ka nemi rubutu ɗaya kaɗai a intanet, sauran takardun za su wuce ka. Janar Thomas-Alexandre Dumas, wanda aka haifa a 1762 a Jérémie da ke Haiti ta yau, ɗan wani basaraken Faransa ne mai suna Davy de la Pailleterie da wata baiwa baƙar fata, Marie-Cessette. Da zai shiga soja a 1786, sunan uwarsa ya ɗauka. Takardun ƙuruciyarsa suna ƙarƙashin suna ɗaya, na aikinsa suna ƙarƙashin wani.

Muƙamai ma sun yi ta sauya suna. Abin da ake kira général de brigade daga 1793, a zamanin sarakuna maréchal de camp ne sunansa, général de division kuma lieutenant général. Da sarauta ta dawo a 1814 aka koma tsofaffin sunaye, sai a 1848 aka sake dawowa kan sababbin. Wanda ya ga maréchal de camp ya ɗauka babban mashal ne ya yi wa mutuminsa ƙarin girman da bai samu ba. Shi maréchal de France ɗaukaka ce da ƙasa take ba mutum, kuma Napoleon mutum 26 ya ba, 18 daga cikinsu a 1804.

Sai kalanda. Daga 1793 zuwa ƙarshen 1805 takardun gwamnati da na soja da kalandar jamhuriya ake rubuta su, wadda ke ƙirga shekara daga 22 ga Satumba 1792, da watanni irin su vendémiaire, brumaire da thermidor. Ranar da Napoleon ya yi juyin mulki, 18 brumaire shekara ta VIII, ita ce 9 ga Nuwamba 1799. Akwai shafukan intanet da ke juya waɗannan ranaku nan take. Ka riƙa rubuta duka biyun a littafinka, ta takardar da wadda ka juya, don in kuskure ya shiga ka san inda za ka koma.

Mataki na uku: ka jera shekarunsa kafin ka ji ra'ayin kowa

Ka ja layi a tsakiyar shafi. Hagu kwanan wata da abin da ya faru, dama takardar da ta faɗa. Kada sifa ko ɗaya ta shiga wannan shafi, babu "jarumi", babu "mugu".

In mutuminka na tsakanin 1792 da 1814 ne, ka fara da ƙamus ɗin Georges Six na janar-janar da manyan hafsoshin ruwa, wanda ya fito a 1934 cikin juzu'i biyu. Busasshen littafi ne, ranaku da muƙamai kawai, kuma daga fayilolin ma'aikatar yaƙi aka tsamo shi. Wannan bushewar ce amfaninsa.

Daga nan ka shiga Léonore, rumbun da ma'ajiyar takardun ƙasa ta Faransa ta sa a intanet kyauta. Fayilolin waɗanda aka ba lambar Légion d'honneur ne, wadda Napoleon ya kafa a 1802, na mutanen da suka mutu kafin 1977. Kusan kowane janar da ya yi aiki bayan kafa ta ya sami lambar. Ka rubuta sunan gida, ka tace da garin haihuwa, sai hotunan takardun su buɗe ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa za ka tarar da kwafin takardar haihuwa da kuma état des services, wato jadawalin aikinsa. Wannan jadawali shi ne abin nema. Faffaɗar takarda ce mai gidaje: gida ɗaya na muƙamai da ranar da aka ba shi kowanne, ɗaya na rundunonin da ya zauna, ɗaya na yaƙe-yaƙen da ya halarta shekara bi shekara, ɗaya kuma na raunuka, inda magatakarda zai rubuta cewa harsashi ya same shi a cinyar hagu ranar kaza a wuri kaza. In fayil ɗin janar na zamanin Napoleon ya zo maka da takarda biyu ko uku kacal, kada ka yi mamaki: an ƙona fadar Légion d'honneur a 1871 lokacin boren Commune na Paris, abin da ake gani yanzu na wancan zamani galibi sake harhaɗawa aka yi.

Takardar haihuwa ta asali tana ma'ajiyar jihar da aka haife shi, abin da suke kira archives départementales, kuma yawancinsu sun sa rajistocinsu a intanet. Kafin ƙarshen 1792 coci ce ke riƙe da rajistar baftisma, aure da jana'iza, daga nan aikin ya koma hannun magajin gari. Davout an haife shi ranar 10 ga Mayu 1770 a ƙauyen Annoux, don haka rajistar coci za ka nema a jihar Yonne. Kada ka tsaya a kwanan wata. Ka duba sana'ar uba, ka duba su wane ne shaidu, ka duba wanda ya iya sa hannu da wanda aka ce bai iya ba. Daga layi biyar ɗin nan za ka gane ko yaron ɗan gidan sarauta ne ko ɗan mai sana'ar hannu, kamar Mashal Ney da ubansa maƙerin ganga ne a Sarrelouis.

Babban fayil ɗin yana Service historique de la Défense, a fadar Vincennes da ke gabashin Paris. Na mashal-mashal suna jerin GR 6 Yd, na général de division na wancan zamani GR 7 Yd, na général de brigade GR 8 Yd. Shiga kyauta ne, da katin shaida ake yin rajista, kuma ana neman fayil tun kafin ranar zuwa. Wanda ba zai iya zuwa ba sai ya nemo lambar fayil ɗin daidai, ya roƙi wani ɗalibi ko ɗan uwa da ke Paris ya ɗauko masa hotuna. Ka ce masa ya ɗauki komai, har bangon fayil da ƙananan takardun da aka maƙala, don sau da yawa a nan ne wani minista ya rubuta kalma biyu da suka yanke makomar mutum. In janar ɗin na kusa-kusa ne, dokar Faransa tana rufe takardun da suka shafi sirrin mutum shekara 50, na shari'a shekara 75.

Da ka gama jerin, ka nemi giɓi. A na Davout za ka ga an tsare shi a 1790, za ka kuma ga ya bar soja a 1793 ya dawo a 1794. Na farko saboda ya goyi bayan ƙananan sojoji ne a rikicinsu da manyan hafsoshi a Hesdin. Na biyu saboda ana korar 'ya'yan sarauta daga soja ne, alhali 'yan watanni kafin nan shi ne ya sa bataliyarsa ta buɗe wa Janar Dumouriez wuta lokacin da yake tserewa wajen abokan gaba. Duk inda jadawali ya yi shiru, akwai labari a wurin.

Mataki na huɗu: takardun da aka rubuta ana cikin aiki

Yanzu ka nemi abin da aka rubuta a ranar, kafin kowa ya san yadda abin zai ƙare: umarni, rahoto, wasiƙar neman takalma da burodi, hukuncin da aka yanke wa sojan da ya yi sata. Gallica, ɗakin karatun intanet na babban laburaren Faransa, cike yake da irin waɗannan da aka buga, kyauta. Na yaƙin 1914 zuwa 1918 kuwa, shafin Mémoire des hommes na ma'aikatar soja ya sa littattafan da kowace runduna ke rubuta abin da ta yi kullum, waɗanda ake kira journaux des marches et opérations.

Wasiƙun Napoleon suna da tarko. Bugun da aka yi a zamanin Napoleon na Uku, juzu'i 32, an cire masa wasiƙun da za su zubar da mutuncin gidan. Cikakken bugu shi ne na Fondation Napoléon, wanda ya fito tsakanin 2004 da 2018 cikin juzu'i 15, da wasiƙu sama da 40,000. In ka ga wasiƙa a sabon ba ka gan ta a tsohon ba, ka tambayi kanka dalilin da ya sa aka ɓoye ta.

Sanarwar yaƙi ta Napoleon, wato bulletins na babbar rundunarsa, Grande Armée, ka ɗauke ta kamar kirarin da maroƙi ke yi wa ubangidansa: akwai gaskiya a ciki, amma an san wanda za a fifita tun kafin a buɗe baki. Ranar 14 ga Oktoba 1806 yaƙi biyu aka yi. A Jena Napoleon ya ci wani ɓangare na sojojin Prusiya. A Auerstaedt kuwa Davout, da mutum wajen 26,000, ya gamu da babbar rundunar Prusiya wadda ta ninka tasa fiye da sau biyu, sarkinsu na ciki, ya tarwatsa ta, Duke na Brunswick da ke jagorantarta ya sami raunin da ya yi ajalinsa. Sanarwar da ta fito ta haɗe su ta mai da su yaƙi ɗaya, Davout ya zama kamar mai riƙe da ɓangaren dama na rundunar Napoleon kawai. Sai ka ajiye sanarwar gefe da rahoton rundunar Davout, ka kuma lura cewa ita aka ba girman fara shiga Berlin ranar 25 ga Oktoba, a 1808 kuma aka naɗa shi Duke na Auerstaedt. Napoleon ya san abin da ya faru sarai, jama'a ce bai so su sani ba.

A cikin fayil ɗin hafsoshin ƙarni na 19 da na 20 za ka ga ra'ayin shugabanninsu a kansu shekara bi shekara: hankali, lafiya, ɗabi'a, iya hawan doki. Abu ne mai daraja, amma ka san wanda ya rubuta. A 1904 asiri ya tonu cewa ofishin ministan yaƙi, Janar André, yana tara bayanan sirri kan hafsoshi ta hannun ƙungiyar 'yan Freemason ta Grand Orient, ana rubuta wanda ke zuwa coci da wanda ba ya zuwa, ana hana wasu ƙarin girma a kan haka. Ministan ya sauka a shekarar. Hafsan da ya daɗe a muƙami ɗaya a waɗannan shekaru ba lallai ne rago ba ne.

Mataki na biyar: yanzu ka saurari masu ba da labari

Littattafan tunawa da rayuwa su ne suka fi daɗin karatu, su ne kuma suka fi ɓatar da mutum. Kowanne ka ɗauka, kafin ka karanta shafin farko ka amsa tambayoyi huɗu a rubuce. Yaushe aka rubuta, kuma shekara nawa bayan abin? Wa ke mulki a lokacin? Marubucin yana wurin ko ji ya yi? Me ke tsakaninsa da janar ɗin?

Ga yadda abin yake a kan Davout. Bourrienne, tsohon sakataren Napoleon, ya zage shi tas a littafinsa na 1829. To amma Bourrienne shi ne wakilin Faransa a Hamburg wanda aka zarga da cin hanci a harkar fasa-ƙwauri, Davout na cikin masu bin diddiginsa, littafin ya fito a zamanin sarakunan Bourbon lokacin da zagin mutanen Napoleon ke da kasuwa, kuma an san wasu marubuta ne suka rubuta masa babban ɓangare. Tun a 1830 aka buga littafi guda na gyara kurakuransa. A ɗaya gefen, 'yar Davout, Madame de Blocqueville, ta buga wasiƙun ubanta wajen 1880, inda za ka ga miji mai tausayin matarsa da kewar 'ya'yansa. Wasiƙun na gaske ne. Amma 'ya ce ta zaɓa, kuma don wanke uba ta yi aikin. Ba a zubar da ko ɗaya daga cikin biyun. Abin da Bourrienne ya faɗa sai ka nemi wani da ba shi da ƙulli da Davout ya tabbatar, abin da 'yar ta kawo kuma ka tambayi me ta bari a akwati.

Haka labarin Janar Dumas. Mafi yawan abubuwan bajintar da ake faɗa a kansa daga bakin ɗansa, marubuci Alexandre Dumas, suka fito, wanda bai cika shekara huɗu ba lokacin da uban ya rasu a 1806. Ƙaunar ɗa ba laifi ba ce, amma a rahotannin rundunar Alps da ta Italiya za ka tabbatar da abin da mutumin ya yi, kuma abin da ke can ma ya isa a girmama shi.

Shaida mafi nauyi ita ce wadda ta saɓa wa son ran mai ba da ita: maƙiyin da ya yaba, ko masoyin da ya yarda an yi ba daidai ba. In ka sami irinta, ka ja mata layi.

Mataki na shida: ka nemi hali a inda mutum yake da zaɓi

A ganina wannan ne zuciyar aikin. Umarnin da janar ya bi ba ya nuna halinsa sosai, don kowa ma zai bi. Ka nemi ranakun da hanya biyu ke gabansa, kowacce da farashinta.

A Disamba 1815 aka gurfanar da Mashal Ney gaban majalisar dattawa saboda ya koma wa Napoleon bayan ya yi wa Sarki Louis na 18 alkawarin kawo shi cikin kejin ƙarfe. Davout ba abokin Ney ba ne na kusa, kuma shi kansa sabuwar gwamnati ba ta ƙaunarsa. Duk da haka ya je ya ba da shaida cewa yarjejeniyar miƙa Paris ta ba irin su Ney kariya. An harbe Ney ranar 7 ga Disamba, shi kuma Davout aka yanke masa albashi aka tura shi Louviers ya zauna. Wannan rana ɗaya ta fi shafi ɗari na yabo nauyi.

Amma mutumin nan dai shi ne ya riƙe Hamburg daga 1813 zuwa Mayu 1814. Ya ƙwace kuɗin bankin garin don biyan sojoji, ya rushe unguwannin bayan ganuwa, kuma a tsakiyar hunturu, daidai lokacin Kirsimeti, ya sa aka fitar da dubban talakawan da ba su da ajiyar abinci, da yawansu sanyi da cuta suka kashe. A takardar kare kai da ya aika wa sarki a 1814 ya ce dokar yaƙi da umarni ya bi. Dole ka karanta wannan takarda, dole kuma ka karanta abin da mutanen Hamburg suka rubuta. In hoton da ka zana ya ɗauki shaidar Ney ya bar daren Kirsimeti, ko ya ɗauki wannan ya bar waccan, ba ka gama aiki ba.

Wasu wuraren dubawa: yadda ya yi da kuɗi (Mashal Masséna gwani ne a fagen fama, amma ya yi ƙaurin suna wajen wawaso), yadda ya yi da na ƙasa da shi in abu ya ɓaci, da abin da ya yi duk lokacin da mulki ya sauya, a 1814, 1815, 1830, 1851, 1870 ko 1940.

Mataki na bakwai: ka nemi muryar waɗanda aka yi yaƙin a kansu

Fayil ɗin Vincennes ba zai gaya maka abin da ƙauye ya gani ba. Janar Turreau, wanda rundunoninsa suka yi kisan gilla a yankin Vendée a 1794, sunansa na jikin Arc de Triomphe. Pélissier, wanda ya hura wuta a bakin kogunan Dahra a Aljeriya a Yuni 1845 hayaƙi ya kashe ɗaruruwan mutanen Ouled Riah, maza da mata da yara, ya zama mashal bayan shekara 10. Wani lokaci janar ɗin da kansa yake tona kansa: Saint-Arnaud ya rubuta wa ɗan uwansa a Agustan shekarar cewa ya toshe bakin wani kogo da mutum 500 a ciki, kuma rahoton sirri kawai ya aika wa Bugeaud, gwamnan Faransa a Aljeriya. Danginsa ne suka buga wasiƙun a 1855.

Nan ne mai karanta Hausa yake da abin da mai bincike a Paris ba shi da shi. Wasu daga cikin janar-janar na Faransa a ƙasar Hausa suka yi ƙuruciyar aikinsu. Paul Joalland yana laftanar a tawagar Voulet da Chanoine, wadda ta ƙona garuruwa ta yi kisa a Birnin Konni a Mayu 1899. Octave Meynier kuwa tare da Kanar Klobb ya zo, wanda aka aiko ya karɓe tawagar daga hannun Voulet, aka ji masa rauni ranar 14 ga Yuli a Dankori kusa da Tasawa, ranar da Voulet ya sa aka harbe Klobb. Joalland da Meynier suka ci gaba da tafiya bayan an ci Damagaram, har suka kai Cadi, kuma dukansu sun zama janar. Joalland ya buga nasa labarin a 1930, shekara 31 bayan abin, yana da kowane dalili na ɗora komai a kan matattu biyu, Voulet da Chanoine. Ka tuna kuma cewa uban Chanoine janar ne da ya riƙe ma'aikatar yaƙi a 1898. Henri Gouraud, wanda ya kama Samori Ture a 1898, ya rasa hannun dama a Dardanelles a 1915, ya kuma zama wakilin Faransa a Siriya da Labanan daga 1919, shi ma ya yi aiki a yankin Damagaram a farkon ƙarni na 20, littafinsa a kan wannan zama kuwa sai a 1944 ya fito.

Takardun mulkin mallaka suna Archives nationales d'outre-mer a Aix-en-Provence, na gwamnatin Afirka ta Yamma ta Faransa suna Dakar, akwai kuma ma'ajiyar ƙasa ta Nijar da cibiyar bincike ta IRSH a Yamai. Sai labarin baka na garuruwan da abin ya shafa. Shi ma ka yi masa tambayoyi huɗun nan da ka yi wa Bourrienne: wa ya faɗa, daga wa ya ji, wane gida yake, me yake karewa. Ka rubuta sunan garin yadda mutanensa ke faɗa da yadda Bafaranshe ya rubuta, don Tasawa a takardunsu Tessaoua ce, Damagaram kuma Zinder.

Mataki na takwas: kowace shahararriyar magana, ka bi ta zuwa tushe

Ana cewa Janar Cambronne ya faɗa a Waterloo, ranar 18 ga Yuni 1815, cewa dakarun tsaron Napoleon mutuwa suke yi, ba sa miƙa wuya. Maganar a jaridun Paris ta ɓullo 'yan kwanaki bayan yaƙin, shi kuwa Cambronne an kama shi da rauni an kai shi Ingila, ya rayu har 1842, kuma ya musa cewa ya faɗe ta. Haka maganar da ake yawan jingina wa Gouraud, wai ya tsaya a kabarin Salahuddin a Dimashƙu a 1920 ya ce sun dawo. Masana tarihi suna jayayya a kanta, wasu ma Janar Goybet suke jingina wa, wanda shi ne ya ja sojojin a yaƙin Maysalun ranar 24 ga Yuli. Abin da Gouraud ya yi a Siriya a rubuce yake, ba ya buƙatar maganar da ba a tabbatar ba kafin a yi masa hukunci.

Hanyar bin diddigi ita ce ka sa jimlar da Faransanci a Gallica ko shafin tsofaffin jaridu na RetroNews, ka jera sakamakon daga mafi tsufa, ka ga wa ya fara bugawa, a wace shekara, kuma ko yana wurin. In tazarar ta kai shekara 20 ko 30, ka rubuta "ana cewa", ka faɗi wanda ya fara cewa.

Mataki na tara: harshe da rubutawa

Wanda ya yi makaranta a Nijar, Cadi ko Kamaru ya riga ya yi rabin tafiya. Wanda ba ya jin Faransanci ma zai iya farawa, don jadawalin aiki kalmomi kaɗan ne ke maimaituwa a cikinsa: né an haife shi, nommé an naɗa shi, blessé an ji masa rauni, en non-activité an ajiye shi ba aiki, retraite ritaya, décédé ya rasu. Littattafan Gallica da yawa suna da zaɓin fitar da rubutu zalla, wanda za ka iya sa wa manhajar fassara don ka gane inda zancen ya dosa. Amma duk jimlar da za ka kafa hujja da ita, ka kai wa mai jin harshen ya duba maka, musamman rubutun hannu.

In ka zo rubutawa, ka raba abu uku a fili yadda mai karatu zai gane su: abin da takardar lokacin ta nuna, abin da wani ya faɗa daga baya, da abin da kai ka fahimta. Duk sifar da za ka ba mutumin, ka ajiye aiki ɗaya mai kwanan wata a gefenta. In ka ce Davout mai tsanani ne, ka kawo umarninsa na hana wawaso da hukuncin da ya biyo baya. In ka ce mai riƙon amana ne, ka kawo Disamba 1815. Sifar da ka rasa aikin da zai tallafe ta, ka goge ta. Kowane hoton takarda kuma ka sa masa suna tun ranar da ka sauke shi, da sunan ma'ajiya, lambar fayil da lambar shafi, ka ajiye kwafi a wuri biyu, don adireshin shafukan ma'ajiyoyin nan yakan sauya, lambar fayil kuwa da ita za ka sake nemo takardar.